Bidiyon da Nasiru ya kawo

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, daga kan gadar Kawo ba ka hango komai a gabanka sai fitilun motoci. Kunun gyaɗa da ƙosai wajen Iya. Hajara ta kai yara makaranta. An bar mana wuta tun dare, na isa ofis raina fes.

Sai ga Nasiru, matashin da muke aikin tattara hujjojin hare-hare tare, da murnarsa. "Malam, na samo hujja!" Bidiyo ne na daƙiƙa 41: gawarwaki a jere ƙarƙashin darbejiya, an lulluɓe su da zannuwa, wata mata na kuka a bayan mai ɗauka. Na ce daga ina? Daga wani zauren WhatsApp. Wa ya ɗauka? Bai sani ba. Yaushe? "An ce shekaranjiya." Ya ƙara da cewa ya yanke farkon saboda hoton na rawa, ya kuma rubuta "laifin yaƙi" da jan rubutu a samansa.

Na ce zauna. Yaron kirki ne, zuciyarsa ce ta riga hannunsa, amma wannan aikin ba ya son gaggawa.

Duk bidiyon da waya ta ɗauka yana ɗauke da bayanai a cikin fayil ɗinsa: rana, lokaci, wani lokaci har da samfurin wayar, da wurin idan GPS, mai nuna inda waya take, na kunne. Da zarar an tura shi ta WhatsApp yadda kowa ya saba, manhajar za ta matse shi ta zubar da yawancin waɗannan bayanai. Saboda haka mai wayar ake nema. A kwafo fayil ɗin da kebul kai tsaye zuwa kwamfuta, idan kuma nisa ya hana, ya turo shi a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu. Kafin kowa ya buɗe shi a ciro masa lambar SHA-256, mai haruffa da lambobi 64, a rubuta ta a rajista. Ko ɗigo aka sauya a fayil ɗin, lambar za ta canza gaba ɗaya, da ita ake nuna wa alƙali cewa ba a taɓa komai ba. Kwafi biyu ake yi, ɗaya a kulle shi ba mai taɓawa, ɗaya na aiki. Sai takardar hannu zuwa hannu: wa ya bayar, wa ya karɓa, yaushe, a ina, don me. Gurbi ɗaya aka bari babu sa hannu, nan lauyan wanda ake tuhuma zai kafa ƙafarsa. Ko a kotunanmu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da ta fitar da abin da yadda aka fitar da shi.

"To Malam, a yar da shi ke nan?"

A'a. A Agustan 2017 kotun duniya ta ICC da ke Hague ta ba da sammacin kama Mahmoud al-Werfalli na Libiya, kuma bidiyoyin kisa da aka ɗora a kafafen sada zumunta suna cikin manyan hujjojin. Ƙa'idojin Berkeley, da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da jami'ar Berkeley suka ƙaddamar a 2020, don irin wannan kaya aka yi su. Sai dai aiki ne ja. Da farko a ciro hotuna daga bidiyon a bincika a intanet ko ya taɓa fitowa, domin tsofaffin bidiyoyin wasu ƙasashe suna yawo a zaurukanmu da sabon suna duk lokacin da aka kai hari. Sannan a nemi abin da ba ya tashi daga wurinsa, hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ƙarfen sabis, siffar dutse, a gwada da hoton tauraron ɗan Adam. Tsawon inuwa da inda ta karkata suna nuna lokaci. Ganye da ciyawa suna nuna damina ce ko rani. Farkon da ya yanke kuwa, inda mai ɗauka ke tafiya yana waige-waige, nan ne aka fi samun waɗannan alamomi. Ya yi shiru, ya ce asalin yana nan a wayarsa. Alhamdu lillahi.

Jan rubutun ma na sa ya goge. Kafin a kira abu laifin yaƙi a ƙarƙashin sashe na 8 na Yarjejeniyar Rum da ta kafa kotun ICC, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2001, sai an nuna cewa akwai yaƙi a ma'anar doka, kuma abin yana da alaƙa da yaƙin. A Arewa maso Gabas ofishin mai gabatar da ƙara na ICC ya daɗe da ɗaukar rikicin a matsayin yaƙin cikin gida, kuma a Disambar 2020 Fatou Bensouda, mai gabatar da ƙarar a lokacin, ta ce akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram da wasu daga jami'an tsaro sun aikata irin waɗannan laifuka. A dazukan wannan shiyya tamu kuwa masana doka suna ta ja-in-ja a kai. Mu namu shi ne wa, me, ina, yaushe, da wane makami. Sunan laifin na kotu ne.

Duk wannan mai gyaruwa ne. Abin da ya tsaya mini a rai bayan azahar ya zo, da ya kunna mini hirar da ya yi jiya da wata dattijuwa daga ƙauyen da aka kai wa hari, wadda ta gudo wajen 'yan'uwanta a Rigasa. Tambayarsa ta farko: "Mama, su wane ne suka yi, ko?" Ya ambaci waɗanda kowa ke zargi. Ta ce, "To, haka ne, ɗana." Kana jin muryoyin mutum huɗu ko biyar a ɗakin, wani namiji yana amsawa kafin ta buɗe baki.

Dattijuwa a gidan da ba nata ba, baƙo ɗan boko ya zo da na'ura, da wuya ta musa masa, kunya da kara ba za su bar ta ba. Yanzu amsar ta zama tasa. Ita kaɗai ake zama da ita, ko da mutum ɗaya da ta zaɓa da kanta, kuma idan mace ce ta yi tambayar ya fi, musamman inda ake jin an taɓa mutunci, kamar yadda Ƙa'idar Murad ta 2022, wadda ta tsara yadda ake hira da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata lokacin rikici, ta jaddada yardar mai magana da zaɓinta. A fara da bayani: mu su wane ne, ina maganar za ta je, tana da damar tsayawa duk lokacin da ta so, kuma ba mu da diyya ko tallafin da za mu yi alkawari. Sannan a ce, "Mama, ki faɗa mini abin da ya faru tun daga farko," a yi shiru. Daga baya a rarrabe abin da ta gani da idonta, da wanda ta ji da kunnenta, da wanda aka ba ta labari. Kada a matsa mata da ƙarfe nawa. Idan ta ce tsakanin magariba da isha'i, ranar kasuwa, haka za a rubuta, mu mu lissafa a gefe. Sunanta ba ya shiga fayil, lamba ake ba ta, takardar da ta haɗa lambar da sunan kuma tana wani wuri dabam.

Waɗanda suka mutu kuma da sunayensu ake rubuta su. Musa Abdullahi uku za ka iya samu a ƙauye ɗaya, don haka sai da laƙabi, sunan mahaifi, na mahaifiya, da unguwa. Mukan binne da wuri, likita ba ya ganin gawa, saboda haka waɗanda suka yi wanka su suka ga raunuka, liman ya san gawa nawa ya sallata, masu haƙa sun san kaburbura nawa, mai shago ya san yadin likkafani nawa ya yanka. A Tudun Biri, nan Igabi, bayan jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi ranar 3 ga Disambar 2023, hukumar ba da agajin gaggawa NEMA ta ce mutum 85 suka mutu, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce sun kai 120. Jerin sunaye gida gida ne kawai ke rufe irin wannan tazara.

La'asar a masallacin bayan ofis. Cunkoso a Ahmadu Bello Way. Na manta da maganin tarin Ummi, sai da na koma.

Tuwo da miyar kuka, ban ci da yawa ba. A ƙarshen hirar, bayan Nasiru ya yi godiya, kana jin ta a hankali tana cewa, "Jikana ma yana riƙe da zanena lokacin." Ba wanda ya tambaye ta sunansa. Na'urar ta mutu a nan.

Komawa wajenta na nufin ta sake faɗa daga farko, kuma kowace maimaitawa ciwo ce. Na kira Maryam, abokiyar aikinmu, ta ce za ta je Alhamis ita kaɗai, ba na'ura, ta gaishe ta, ta tambaye ta ko tana so. Nasiru ya turo saƙo ƙarfe 10 cewa ya gano wanda ya fara sa bidiyon a zauren, amma shi ma wani ƙaninsa ne ya turo masa daga Birnin Gwari, kuma lambar ƙanin ba ta shiga.