Accutron ɗina da ke tsayawa ya tashi

Agogon da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda ke tsayawa ya tashi don kansa. Nawa Bulova Accutron ne mai inji lamba 214. In na ajiye shi a kan tebur sai ya kwana yana aiki lafiya lau, amma in na ɗaura shi a hannu, kafin yamma sai in tarar ya yi baya da minti ashirin ko fiye, kuma ga shi yana tafiya kamar babu abin da ya faru.

Sai an san yadda cikinsa yake kafin a gane ciwonsa. Accutron ya fito a 1960, shekara tara kafin Seiko ta fitar da Astron, agogon hannu na kwatz na farko. Injiniyan da ya ƙirƙiro shi, Max Hetzel, ya sa masa ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, kowane yatsa da maganaɗisu a kansa. Kwayil biyu, wato siririyar waya da aka nannaɗe, da transista ɗaya ke sa ƙarfen nan karkarwa sau 360 a sakan guda. Kowace karkarwa tana tura haƙori ɗaya na wani ɗan mitsitsin faifai mai haƙora 300, wanda faɗinsa bai kai milimita uku ba, shi kuma faifan ne ke juya hannayen agogon. Shi ya sa agogon ba ya cas-cas. Wani siririn ƙugi yake yi, hannun sakan kuma sulalewa yake ba tsalle.

Wannan ƙugin shi ne babban mataimakina. Duk lokacin da na kama shi a tsaye, kafin in girgiza shi ko in taɓa komai, sai in kara shi a kunne. In ƙugin ya ɗauke, matsalar ta wuta ce: batir, mahaɗarsa, kwayil ko transista. In kuwa yana ƙugi amma hannayen sun ƙi motsi, wuta lafiyarta ƙalau, cikas ɗin yana tsakanin ƙarfen da hannaye. Na kuma riƙa rubuta lokacin da ya tsaya. Da a ce kullum yana tsayawa ne daidai sa'ad da hannun minti ya hau kan na awa, da na san gogar juna suke yi, ko ɗaya yana taɓa gilashi.

Nawa shiru yake yi, don haka na fara da batir. A 214 ƙofar batirin tana bayan agogon, kusa da ɗan zoben da ake ɗagawa a saita lokaci, domin ba shi da maɓalli a gefe. Da na buɗe na duba da madubi mai ƙara girma, sai ga wani farin gari mai ɗan kore-kore ya bushe a kan ƙarfen da batir ke zama, ragowar tsohon batirin da ya taɓa yoyo a ciki. Ƙarfen kuma ya kwanta, ba ya danna batirin da kyau. A kan tebur suna haɗuwa, amma da hannu ya motsa sai su rabu. Na goge wurin a hankali har ya yi ƙyalli, na ɗan ɗago ƙarfen da hantsaki, na sa sabon batir mai lamba 387S, wanda ke da zoben roba da ke hana shi yawo a raminsa. Ƙugin bai sake ɗaukewa ba.

Akwai wani abu game da batir da ya kamata duk mai irin wannan agogon ya sani. An ƙera shi ne don batirin zaiba mai volt 1.35, wanda Amurka ta hana sayarwa a 1996. Na azurfa da ake samu yanzu volt 1.55 ne. Wasu agogunan suna ɗaukar ƙarin ba damuwa, wasu kuwa karkarwar tana yin yawa har a riƙa tsallake haƙora biyu a tura ɗaya, sai agogon ya yi ta gudu. Wannan ba lalacewa ba ce, saiti yake buƙata.

Bayan gyaran mahaɗar sai na lura da sauran aiki: jefi-jefi hannun sakan yana ɗan turjewa alhali ƙugin na nan. A nan na tsaya, kuma ina roƙon kowa ya tsaya a nan. Abin da ke tura faifan wasu 'yan duwatsun yaƙutu ne guda biyu a bakin siraran ƙarafa, ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙewa kada ya koma baya. Ƙura kaɗan ko tsohon mai da ya daskare ya isa ya hana su kama haƙori. Bakin sukundireba in ya goge faifan sau ɗaya ya gama da shi, kwayil ɗin ma wayarsa ta fi gashi siranta, kuma Bulova ta daɗe da daina ƙera waɗannan kayan.

Na kai wa mai gyaran da ya saba da Accutron, mai aiki da na'urar hangen ƙananan abubuwa, na haɗa masa da takardar da na rubuta lokutan tsayawar da ko akwai ƙugi ko babu. Ya wanke injin, ya cire ɗan burbushin ƙarfe da ya manne a maganaɗisu, ya sa sabon mai, sannan ya saita yaƙutun su dace da batirin volt 1.55.