Rawar da ake yi da ido

Ni fa da finafinan Indiya na tashi a Kano, don haka gani nake babu wanda zai koya min komai a kan rawarsu. Jinyar yayana ce ta kai ni Kochi, jihar Kerala can kudu, a sati na biyu da jiki ya yi sauƙi sai ya ce, "Kai ka ishe ni da zama a kaina, je ka sha iska." Na hau jirgin ruwan haya daga Ernakulam na tsallaka Fort Kochi, nan wani mai adaidaita ya sauke ni a ƙofar wani ɗan zaure da ake rawar Kathakali.

Na zo da wuri, ashe na yi sa'a, don a gaban jama'a suke kwalliya. Ƙato ya kwanta rigingine a tabarma, wani na zana masa fuska sama da awa guda, a shafe ta da kore sannan a bi muƙamuƙi da farin ƙullun shinkafa da takarda, chutti suke ce masa. Koren fuska na jarumin kirki ne, mai jan gemu kuwa mugu. Har wani ɗan iri suke sawa a ido don ya kaɗa ya yi jajir, wallahi sai da nawa ya yi hawaye.

Da aka buga gangar chenda sai da ƙirjina ya amsa. Mai rawar bai ce uffan ba, mawaƙa biyu a baya su ke rera labarin daga Mahabharata, wani tsohon littafin almara na Indiya, shi kuwa da yatsu yake fassarawa, tushen alamun hannun 24 ne, sauran aikin na gira ne da kumatu da ƙwayar ido. Tsoro, fushi, ƙyama, so, duk na gane su alhali ban jin Malayalam, yaren mutanen Kerala, ko kalma ɗaya. Kuma kyakkyawar matar da nake ta yabawa a zuci, namiji ne!

Tun ƙarni na 17 ake yin wannan rawar, a da kwana ake a gaban fitilar man kwakwa har asuba, mu baƙi ɗan gutsure aka ba mu. Masu koyo shekaru suke kwashewa a makarantu irin Kalamandalam da aka kafa a 1930.

Da na koma asibiti yaya ya ce, "To ya rawar?" Na tsaya na zazzaro ido ina juya shi dama da hagu, ya kama dariya har ya dafe wajen ɗinkin, nas ta shigo ta kore ni waje.