Yadda 400 ta koma 200 a tsohon tef

Har yanzu raina yana ɓaci da aikin nan, kuma ba tsufan tef ɗin ne ya ɓata mini rai ba. An kawo mini kwalayen faifan tef mai layi 9, irin wanda IBM ta fito da shi tare da kwamfutarta System/360 a 1964, ɗauke da tsohon lissafin kuɗi na wata ma'aikata. Kafin ni wani ya taɓa karanta su, ya miƙa fayiloli, ya ce aiki ya kammala. Sunaye sun fito ras, adireshi ma haka. Sai da aka zo tara jimla lissafi ya ƙi hawa.

Abin da ya yi shi ne, yana karantawa yana juya komai daga EBCDIC, tsarin da manyan kwamfutocin IBM ke wakiltar haruffa da lambobi, zuwa ASCII, tsarin da sauran kwamfutoci suka saba amfani da shi. Ga rubutu wannan daidai ne, amma shirye-shiryen COBOL, tsohon harshen rubuta manhajar kasuwanci, sau da yawa ba sa ajiye kuɗi a matsayin rubutu. Cusa alƙaluma biyu suke yi a bayit guda, wato gurbin da ke ɗaukar harafi ɗaya, rabin bayit na ƙarshe kuma ya ɗauki alama, C ga ƙari, D ga ragi, abin da ake kira COMP-3. To, 400 a haka bayit biyu ce, 40 da 0C. A EBCDIC kuwa 40 tazara ce tsakanin kalmomi, tazarar ASCII kuma 20 ce. Manhajar ta ga 40, ta mayar da ita 20, ta bar 0C yadda take. Shi ke nan 400 ta zama 200, ba ƙorafi, ba alamar kuskure. Inda 25 ta faɗo cikin adadi kuma sai layi ya tsinke, domin 25 a EBCDIC umarnin sauka sabon layi ne.

Da juyin ɗaya bisa ɗaya ne, da na mayar da shi baya cikin sauƙi. Amma duk bayit ɗin da manhajarsa ba ta iya fassarawa ba, ɗigo ta sa a gurbinsa. Daga ɗigo kuwa ba a gane abin da ke wurin a da.

Dole aka koma kan faifan, a nan ne na ga sauran ɓarnar. Gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisu a jikin zaren yana shan laima idan ya daɗe, sai ya yi danƙo. Maganinsa sananne ne: a gasa faifan a zafin digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Celsius na sa'o'i masu yawa, a bari ya huce, a karanta da wuri kafin danƙon ya dawo. Shi mai karatun farko bai gasa ba. Waɗansu na warware su na ga haske yana ratsa zaren a wuraren da garin ya kankare ya manne a kan na'urarsa. Karatu ɗaya ya rage wa waɗannan faifan, kuma an ƙarar da shi wajen samar da fayil mai cike da ɗigo.

Sauran sun ba da haɗin kai. Na gasa, na cire zoben roban da ke bayan faifai don kada na'ura ta yi rubutu a kai, ina goge kan karatu bayan kowane faifai. Masu ɗaukar bayit 1600 a kowane inci na zare da masu 6250 duk sun karantu.

Shawarata guda ce, kuma da zafi nake ba da ita: a karatun farko kada ka fassara komai. Kwafi hoton tef ɗin yadda yake, bayit da bayit, da tsawon kowane bulo, wato dunƙulen bayanan da ake rubutawa a tashi ɗaya, da alamomin ƙarshen fayil, a tsarin AWSTAPE ko na SIMH, tsare-tsaren ajiye hoton tef a matsayin fayil. Kada ka zubar da lakabin da ke farkon tef, VOL1 da HDR1 da HDR2. Bayit 80 ne kowannensu, amma HDR2 ne ke gaya maka tsawon rikodi da na bulo. Fassara ta zo daga baya, a kan kwafi, gurbi bayan gurbi. Ka kuma nemi takardar tsarin rikodin daga tsohon shirin COBOL tun kafin ka taɓa faifai. Tamu a wata tsohuwar takardar firinta aka samo ta, da ita na raba gurbin rubutu da na adadi.

Na miƙa abin da ya samu tare da jerin faifan da suka kankare, na rubuta a fili cewa kada a dogara da kowane adadi na tsoffin fayilolin, har da waɗanda suke kama da daidai.