Hotunan Hawan Daushe da yatsuna biyu suka ɓata mini

Har yanzu idan na buɗe hotunan nan a kwamfuta sai raina ya ɓaci. Yini guda na yi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, rana tana dukana, na cika katin kyamara biyu. Da na dawo gida, waɗanda suka kallu duk na dogarai ne da ke tsaye da kuma ginin fada. Dawakan da na je dominsu, ko ɗaya ban samu ba.

Wata biyu na kwashe ina haɗa abin ɗaukar hoto mai zurfi (3D), wato kyamara biyu a jere, ɗaya ta ɗauki hoton idon hagu ɗaya na idon dama, in an haɗa su sai a ga zurfi. Canon PowerShot guda biyu na saya, 'yan gwanjo, iri ɗaya sak. Na kai wa wani mai aikin ƙarfe sandar alminiyum ya lanƙwasa mini ita kamar harafin Z, kyamara ɗaya a miƙe, ɗaya a kife. Dalili kuwa, gilashin waɗannan kyamarori ba a tsakiya yake ba, sai an kifa ɗaya sannan gilasan biyu su matso kusa da tazarar idon mutum, wajen santimita 6.5. Hankalina duk a nan ya tafi. Na auna, na sake aunawa, na cusa washa a ƙarƙashin noti har suka daidaita. Na haddace ƙa'idar nan ta ɗaya bisa talatin: in tazarar gilasan santimita 7 ce, kada abu mafi kusa ya gaza mita biyu.

Maganar latsawa kuwa ko a jikina. Yatsa ɗaya a kan wannan maɓalli, ɗaya a kan wancan, in danna tare, shi ke nan. Na gwada a tsakar gida da randa, da bishiyar darbejiya, da ƙanena yana zaune a kan tabarma. Na sa tabarau mai ja da shuɗi, zurfi ya fito tsaf, har mahaifiyata ta miƙa hannu za ta taɓa bakin randar. Ashe duk abin da na yi gwajin da shi ba ya motsi.

Doki a sukuwa yana cin mita goma a daƙiƙa ɗaya, ko fiye. In yatsan dama ya riga na hagu da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, dokin ya riga ya yi gaba da rabin mita. Akwai hoton wani ɗan lifidi a lokacin jahi da ya fi ƙona mini rai: a idon hagu kofaton yana sama, a na dama ya dira ƙasa, mashin da ke hannunsa ma ya sauya wuri. Ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa su, ido ya ɗau zafi, kai ya fara sarawa. A wasu kuma gudun dokin ya rikiɗe ya zama zurfin ƙarya, sai ka ga ingarma ya nutse cikin katangar da ke bayansa.

Dare uku na yi a kan StereoPhoto Maker, manhajar kwamfuta mai haɗa hoton hagu da na dama, ina neman ceto. Manhajar tana gyara karkata, tana daidaita tsayi da launi, wato duk abin da na ɓata wata biyu a kansa tana yinsa cikin ƙiftawar ido. Lokacin da ya riga ya saɓa kuwa, babu abin da za ta iya.

Maganin bai kai kuɗin sandar ba, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Ana zuba wata manhaja mai suna StereoData Maker a katin kowace kyamara, a haɗa su da wayar USB mai rassa biyu, da batir mai volt 5 da makunni ɗaya. Ka danna su shirya, ka saki su ɗauka tare. Amma ba kowace PowerShot take karɓar manhajar ba, don haka a duba jerin waɗanda suke karɓarta kafin a biya kuɗi. Nawa Allah ya taimake ni suna ciki.

Wanda zai haɗa irin wannan, don Allah ya bar randa da bango. Ya sa yaro ya tsiyayo ruwa daga buta, ko ya kunna fanka, ya ɗauka, ya jera hotunan biyu ya duba. Ranar da na ga ɗigon ruwa ɗaya rataye a wuri ɗaya a hagu da dama, sai da na kira mutanen gida kowa ya sa tabarau. Sandar tana cikin jaka da makunninta, ina jiran Babbar Sallah.