Ƙusa miliyan uku

Asabar, Belfast, Ireland ta Arewa.

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da na gani yau tun da ɗuminsa.

Wata takwas ke nan ina karatu a garin nan, kullum ina hango manyan injinan ɗaga kayan nan biyu masu ruwan ɗorawa, Samson da Goliath, ina cewa gobe zan je. Yau da safe ana yayyafi na sa rigar sanyi na nufi Queen's Island, inda kamfanin Harland & Wolff ya ƙera jiragen ruwan nan biyu, Olympic da Titanic. Su injinan ma ashe ba su ga zamanin jiragen ba, sai a 1969 aka kafa Goliath, Samson kuma a 1974.

Na fara da gangaren da aka gina jiragen a kai. An zana siffarsu a ƙasa, sai na bi zanen Titanic da ƙafa. Tsawonsa mita 269. An aza ƙashin bayan Olympic a Disambar 1908, na Titanic kuma ranar 31 ga Maris, 1909, suka tashi gefe da gefe kamar tagwaye, ƙarƙashin wata katafariyar rumfar ƙarfe da kamfanin Arrol na Glasgow ya kafa, mai tsayin kusan mita 70. Ranar da aka tura Titanic ruwa, 31 ga Mayu, 1911, sabulu da kitse wajen tan 22 aka shafe gangaren da su, ya sulale cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu.

A cikin gidan tarihin Titanic da ke wurin, yawancin mutane wajen labarin nutsewa suke tururuwa. Ni kuwa wajen ƙusa na tsaya, na kasa gaba.

Jikin jirgin nan babu walda. Farantan ƙarfe ne masu kaurin kusan inci ɗaya, ana ɗora bakin wannan kan na wancan, a huda, a ɗinke su da ƙusa mai zafi. Ƙusoshi kusan miliyan uku. Yaro ɗaya yana gasa ƙusar a wuta har ta yi jajir, wani yaron ya karɓa ya zura ta a rami da arautaki, wani babba ya tokare kanta daga ciki da ƙatuwar guduma, sannan mutum biyu daga waje su yi ta dukan ɗaya bakin bi da bi har ya baje. An fi so a haɗa mai dama da bahago don kada hannuwansu su yi karo. Hikimar tana wajen hucewa: ƙarfe in ya yi sanyi yakan tsuke, to ƙusar tana tsukewa sai ta matse farantan biyu gam, har ruwa ya rasa hanya.

Ina karanta wannan sai ga ni a maƙerarmu ta gida. Shekarata tara Baba ya ɗora ni a zuga-zugi. Na san jan da ake nufi, na san yadda yake dusashewa in ka yi jinkiri kaɗan, na san hararar da mai zuga yake sha in wuta ta kwanta. Su ma maƙeran jirgin, ƙusar da ta huce a hanya asara ce gare su, domin da ƙirga ake biyansu. Da yawansu sun tsufa da kurumta saboda ƙarar guduma. Baba ma yau sai an ɗaga murya a kunnensa na hagu.

Mutum takwas suka rasu wajen ginin Titanic. Na farkonsu Samuel Scott, ɗan shekara 15, cikin yaran ƙusa yake, ya faɗo daga sama a Afrilun 1910. Na daɗe tsaye kan sunansa.

A tsakiyar jirgin da injin matsi aka buga ƙusoshi masu ƙarfi, amma a goshi da wutsiya, inda injin ba ya shiga, da hannu aka buga na ƙarfe mai taushi. Wasu masu bincike sun ce waɗannan ne suka fara ɓallewa da jirgin ya gogi ƙanƙara. Ko da haka ne, ban ga laifin masu guduma ba. Abin da aka miƙo musu suka buga. Kuma hannuwan nan ne suka ɗinka Olympic, wanda ya yi ta ratsa teku har 1935.

Injinan jirgin ma sun burge ni. Tukwanen tururi 29, bakin wuta 159, kwal wajen tan 600 a rana, duk da shebur. Tururi ɗaya sai ya yi aiki hawa uku a manyan injinan biyu, ragowarsa kuma a tura shi ya juya farfela ta tsakiya. Ba a sakin sa sai an tatse shi tas. Bututun hayaƙi na huɗu kuwa ba na tukwanen ba ne, na shan iska ne da cikar kyau.

Da la'asar na hau Nomadic, ƙaramin jirgin da ya kai fasinjoji zuwa Titanic a tashar Cherbourg ta Faransa, wanda shi ma a nan aka ƙera shi a 1911. Na ɗora hannu kan layin ƙusoshinsa. Sanyi ƙalau, fenti ya yi musu kauri, kowacce kamar rabin goro. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta sak.

Bayan magariba na kira gida. Na ce, “Baba, yau na ga jirgin da maƙera suka ɗinka da ƙusa.” Sai da na maimaita sau biyu. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni da gawayi suke gasawa ko da me, kuma mutum nawa ne a kan ƙusa ɗaya. Na ce biyar.

Ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Ka turo wa ƙaninka hoton ƙusoshin, kusa-kusa, ina so in ga bugun.”

Na tura guda shida. Ƙanina ya ce har yanzu wayar tana hannun Baba.