Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Arsenal a Ɗakin Ɗan Manchester

Makon jiya na tsaya a inda muka bar gidan haya na Fagge muka koma Kurna. To a sabuwar unguwar nan ƙwallon Turai ta same ni, ina ɗan aji shida a firamare.

Baba dai babu ruwansa da ita. Shi tun da Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 1978 ya rufe littafinsa. In ya ji mu muna musu a zaure sai ya leƙo ya ce, "Ku da wa kuka sani a Manchester? Ko ƙanen uwarku ne ke can?" Yaya kuwa ya riga ya yi nisa. A watan Mayun 1999 Manchester United ta zura wa Bayern Munich ƙwallo biyu bayan cikar minti casa'in ta ɗauki kofin zakarun Turai, tun daga ranar bangon ɗakinmu ya cika da hotuna. Ya je Ƙofar Wambai ya samo mini jar riga ta gwanjo mai lamba bakwai, ta Beckham, wadda ke sauko mini har gwiwa. Bai tambaye ni ba. A wajensa ƙane ai bin yayansa yake, kamar yadda nake binsa masallaci.

Gidan kallon unguwarmu rumfar langa-langa ce da bencina da talabijin ɗaya a kan tebur mai tsayi, sai janareto a baya da ke tari duk bayan ɗan lokaci. Yaya ke biya mini kuɗin shiga. Wata Asabar a watan Oktoban shekarar muka shiga don kashe lokaci, Chelsea na wasa da Arsenal, ana ruwa a filin. Chelsea ta ci biyu, mutane har sun fara fita. Saura minti goma sha biyar Kanu, ɗan Najeriya da ke buga wa Arsenal, ya rama ɗaya, ya ƙara ta biyu. Ta ukun ce har yau nake gani: ya bi ƙwallo can gefe dab da layi, golan ya fito, ya yanke shi, daga wurin da ko mahaukaci ba zai buga ba ya ɗaga ta ta shige raga. Bencin da muke kai ya kife. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa, wanda bai san sunan kulob ko ɗaya ba, yana ta faɗin, "Namu ne! Yaron Atlanta ne!" Kowa yana tune da abin da ya yi wa Brazil a gasar Olympics ta Atlanta a 1996.

In aka tambaye ni nakan ce saboda Kanu na koma Arsenal, kuma gaskiya ne. Amma akwai ragowar magana. Rigar makarantata kwancen Yaya ce, takalmi kwancensa, jakar littattafai ma haka. Sai kulob ma in karɓi kwance? A daren na ninke jar rigar na ajiye masa a kan katifa.

"Ashe ka yi girma," ya ce. "To daga yau ka biya wa kanka."

Haka na koma jera bencina da share ɓawon gyaɗa kafin wasa, mai gidan kallon ya bar ni in tsuguna a gaba, wuya a ɗage. Ranar da na makara sai leƙe ta hudar ƙusa.

Daga nan ɗakinmu ya zama ƙasa biyu. A kakar 2003/2004 da Arsenal ta buga wasa 38 ba a doke ta ba, na hana Yaya shan ruwa. Da aka je Old Trafford, filin Manchester United, a Oktoban 2004 aka tsayar da mu bayan wasa 49 ba a doke mu ba, da wata fenareti da har gobe ban yarda da ita ba, ya dawo gida da sallamarsa a nutse, ya ce wa Umma, "A ƙara masa miya yau, an yi masa rashi." Mafi muni sai 2011, ranar da Manchester ta ci mu takwas da biyu. Washegari na fito na tarar abokansa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa sai ya durƙusa ya ce mini, "Ya haƙuri? Allah ya sa kaffara ce." Har mai shayin layinmu ya aiko da kofi ɗaya sadaka.

Autanmu kuma ya tashi a Chelsea. Lokacin da ya fara wayo attajiri Abramovich da ya sayi kulob ɗin ya zuba kuɗi, koci Mourinho ya ɗauki Firimiya a 2005 da 2006, ga ɗan Najeriya Mikel Obi ya zo. A nan kaɗai ni da Yaya muke haɗa baki: mu ce masa kulob ɗinsa ba shi da tarihi, sayen kofi yake. Shi kuma ya ce tarihi ba ya cin ƙwallo. Kowane kulob da tambarin da aka buga masa a majalisa. 'Yan Manchester girman kai, 'yan Liverpool tsofaffi masu labarin jiya, mu kuwa masu haƙuri da hawan jini. Ni dai na lura in mutum ya faɗa maka kulob ɗinsa, kana iya ƙiyasta shekarunsa, domin yaro yana kama wanda ke ci ne lokacin da yake ɗan shekara goma. Tsakanin 2005 da 2014 da muka yi ba kofi, ban ga yaro ko ɗaya a layinmu da ya shigo Arsenal da ƙafarsa ba, sai wanda uba ya ɗaura wa.

Wuri ɗaya ne rigimar ke mutuwa, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Can babu ja babu shuɗi, kowa "Sai Masu Gida" yake, kirarin Kano Pillars. A 2009 da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, Baba da kansa ya ce a nemo masa tikiti. Mu huɗu muka tafi a babur biyu, ya zauna yana gyara wa 'yan wasa tsayuwa da baki, yana cewa a zamaninsu ba haka ake tare ƙwallo ba.

A turmutsutsun fita daga filin ne ranar na tsinci wata jakar hannu cike da rasiɗai, wadda neman mai ita ya kai ni Kantin Kwari, inda na shafe shekarun da suka biyo baya ina yaron shago. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.