Inda na kai a koyon ɗanɗanon gahawa

'Yan uwana masu koyo, barkanmu da war haka. Na ce zan riƙa sanar da ku inda na kai a wannan harka, to ga abin da ya samu tun bayan babbar salla.

Mu da ke zaune a Jidda da Makka babu ranar da finjali ba ya ratsa hannunmu. Ana miƙo shi a ɗaurin aure, ana miƙo shi a zaman makoki, ana zagayawa da shi a masallaci lokacin buɗa baki. Amma tambayi mutum me ya ji a bakinsa, amsar ba ta wuce "ta yi daɗi" ko "hel ya yi yawa", wato ƙwayar ƙanshin nan da Turawa ke kira cardamom. Kuma ba laifinsa ba ne. Gahawar ƙasar nan sama-sama ake soya ƙwayarta, ta tsaya a launin rawaya-rawaya, a tafasa ta, sannan a zuba mata hel a dalla, wato butar gahawa. Mutanen Najadu suna ƙara za'afaran da kanumfari, na kudu suna sa citta da kirfa, a nan Hijaz wasu gidaje suna jefa ɗan mistika (wani ƙaro mai ƙanshi), na arewa kuma sun fi son suyar ta yi duhu. Duk wanda ya tashi a kan wannan, ƙanshin kayan haɗin yake kira gahawa. Ita ƙwayar kanta tana can ƙasa an danne ta. Saboda haka matakin da na fara ɗauka, wanda kuma nake roƙon kowannenku ya ɗauka, shi ne ajiye hel a gefe na ɗan lokaci.

Hanyar da masu sayen gahawa a duniya suke bi wajen gwada ta ba ta buƙatar wata na'ura mai tsada. Ma'auninsu giram 8.25 na niƙaƙƙiyar gahawa ga mililita 150 na ruwa. Kofunan da nake da su suna cin 200, don haka giram 11 nake aunawa, lissafin ɗaya ne. Niƙan kada ya yi laushi, a bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Ruwa ya tafasa a sauke shi ya ɗan huce zuwa wajen digiri 93, a zuba kai tsaye a kan garin, a ƙyale shi minti 4 ba a taɓa ba. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. A nan ne ake kai hanci dab da bakin kofi, a sa bayan cokali a ture ɓawon, a shaƙi abin da ya fito. Wannan shaƙar ita ce mafi ƙarfi da za ka samu a duk zaman, kuma ba ta dawowa, don haka kada waya ta ɗauke maka hankali a lokacin. Sai a kwashe kumfa, a jira zafi ya sauka, a ɗiba da cokali a zuƙa da ƙarfi har ta fantsama ko'ina a baki.

Zuƙar nan tana da ƙara, babu yadda za a yi da ita. Goggona da muke gida ɗaya ta leƙo kicin ta same ni a tsaye a kan kofuna ina ta fuut, fuut, ina tofarwa a wani kwano.

"Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Wa ya koya maka shan abu kamar ana korarka?"

Na ce, "Goggo, karatu nake yi."

"Karatun zubar da abin sha? Allah ya shirya."

Ba ta tafi ba dai. Ta ɗauki cokali ta kurɓi na farko, ta kurɓi na biyu, ta nuna na biyun da baki ta ce wannan warin ɗinya yake yi, irin wadda ta nuna ta fara laushi a ƙasan bishiya. Ta ajiye cokali ta yi gaba abinta.

Abin da ta faɗa a tsaye ɗin nan shi na daɗe ina laluben sa. Kofin na biyu ɗan Harar ne, daga gabashin Habasha, wanda gidaje da yawa a ƙasar nan suke dafa gahawarsu da shi, kuma a jikin ledarsa an rubuta sunan wani ɗan itace mai launin shuɗi na ƙasashen sanyi da ban taso ina ci ba. Na yi ta zuƙa ina neman abin da harshena bai sani ba. Akwai wani zanen da'ira da ƙungiyar masu harkar gahawa ta Amurka ta fitar a 1995, aka sabunta shi a 2016, an jera sunayen ƙanshi da ɗanɗano a kai daga tsakiya zuwa baki. Yana da amfani, ban raina shi ba, musamman tsakiyarsa inda yake tambayarka a dunƙule: na 'ya'yan itace ne, na fure ne, na gyaɗa ne, ko na ƙonewa? Amma bakin da'irar cike yake da abincin mutanen da suka zana ta. Idan ka haddace sunayen ka riƙa maimaitawa, za ka iya burge mutane a shagon gahawa, sai dai bakinka bai koyi komai ba. Tun daga ranar na koma rubuta abin da na sani a littafina: ɗinya, magarya, tsamiya, zoɓo marar sukari, goruba, soyayyar gyaɗa, zabibi, ƙanzo. Wanda aka haifa a Makka bai taɓa ganin ɗinya ba, shi kuma ya rubuta nabaƙ (ɗan itace dangin magarya) ko ƙamaruddin (busasshen ɗan itace da ake jiƙawa a sha) ko duk abin da ya ci yana yaro. Sharaɗin kawai, in ka sake haɗuwa da wannan gahawar bayan mako biyu ba tare da ka ga ledarta ba, kalmar ta sake zuwa maka.

Abu na biyu, kofi ɗaya ba ya koyar da komai. Sai an jera biyu ko uku gefe da gefe, ana kai cokali nan ana kai shi can. Na jera ɗan Harar da wani ɗan Habashan daga Yirgacefe, na ga bambanci kamar ba ƙasa ɗaya ta fitar da su ba. Sirrin yana wajen shanya. Ita gahawa ɗan itace ce ja, ƙwayar tana ciki. Wasu manoma suna shanya shi ɗungurungum da ɓawonsa da namansa har ya bushe, sannan a cire ɓawon. Wannan shi ke ba da nauyi a baki da ƙanshin abin da ya nuna sosai, kuma haka ake yi a Harar da Yaman. Wasu kuma suna ɓare shi tun yana ɗanye, su jiƙa ƙwayar, su wanke yauƙin tas kafin su shanya. Na Yirgacefen da na samu wankakke ne, shi ya sa ya zo garau, da tsamin lemo da ƙanshin fure, har ya fi kama da shayi. Yanzu in aka rufe mini leda, nakan iya cewa wannan wankakke ne wannan ba wankakke ba, ko da ban san ƙasarsa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne raba tsami da ɗaci da bauri. A farko duk abin da ya sa na yamutsa fuska ɗaci nake kiransa. Ga yadda na warware su, kuma kayan duk suna cikin gidajenku. Kofi ɗaya ruwa da ɗigon lemon tsami. Na biyu baƙin shayi da aka bari ya jiƙu fiye da kima ya huce, babu sukari. Na uku ɗan gutsuren goro. Lemon zai sa yawu ya tsinke a gefen baki nan take. Goron ɗacinsa a hankali yake tasowa, ya zauna can baya ya ƙi tafiya. Shi kuwa shayin bushe baki yake yi, harshe ya riƙa kama dasashi, domin sinadaran da ke cikinsa suna kama abin da ke sa yawu santsi ne. Bauri ji ne na taɓawa, ba na ɗanɗano ba. Amfanin sanin wannan a dafa gahawa babba ne. Tsami mai kaifi marar zaƙi yawanci yana nufin ruwa bai ciro isasshen abu daga garin ba, sai a ƙara laushin niƙa ko lokaci. Ɗaci da bauri tare kuma alamar an wuce gona da iri ne. Shi tsami mai daɗi, irin na tsamiya da ta nuna, ba aibi ba ne, nemansa ma ake yi.

Wanda yake shakkar rawar da hanci ke takawa ya toshe hancinsa ya tauna ƙwayar hel, sannan ya saki. Kusan duk abin da muke kira ɗanɗano ƙanshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau. Shi ya sa ranar da aka turara ɗaki da bakhur, wato turaren wuta, ba na gwaji, haka ranar mura. Dabino ma a ɗaga masa ƙafa sai an gama, musamman sukkarin Ƙasim, wanda zaƙinsa ke shafe duk kofin da ya biyo bayansa. Ruwa kuma ku duba takardar da ke jikin gorar: masana sun fi son wanda narkakkun ma'adinansa suke wajen miligiram 150 a lita, kuma ku tsaya a kan iri ɗaya, in ba haka ba ruwa kuke gwadawa ba gahawa ba.

Maganar suya kuwa, wata maƙwabciyarmu ce ta buɗe mini ido, Bahaushiyar Sudan 'yar Mai Wurno, wadda ba ta yarda akwai wata gahawa bayan jabana, wato irin dahuwar mutanen Sudan, ba. Na kai mata ɗanyen ɗan Harar, irin wanda na soya sama-sama a gida. Ta zuba shi a ɗan kasko mai dogon hannu a kan gawayi, tana girgizawa. Ya fara ƙara tas-tas, wato fashewar farko da ke zuwa wajen digiri 196, inda masu suyar ƙasar nan suke saukewa ko ma kafin a kai nan. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba har ya yi baƙi yana sheƙin mai, ta zagaya da kaskon kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa, sannan ta daka a turmi. Na roƙe ta ta ɗibar mini kaɗan kafin ta sa citta.

"Me za ka yi da ita haka gayanta, ɗana?"

"Gwadawa zan yi, Hajiya."

Na jera nata da nawa. Ɗinyar nan ta ɓace sam a nata, tsamin ya mutu, sai gardi da hayaƙi da ɗaci mai kauri, wanda shi ne daidai abin da citta da sukari suke buƙata su jingina da shi. Nawa kuma, da yake suyar ba ta yi nisa ba, yana da warin ɗanyar gyaɗa da ɗan bauri, wanda na fahimci hel ne yake rufe shi a dalla. Ƙwaya ɗaya ce, daga buhu ɗaya. Don haka kafin ka yanke wa gahawar wata ƙasa hukunci, tambayi yadda aka soya ta.

Wanda nake kai yanzu shi ne Khaulani, na duwatsun Jazan, wajen Dayir Bani Malik da Faifa, inda ake noma shi a kan matakalar dutse, a tsinke da hannu a shanya a rana. A 2022, shekarar da Ma'aikatar Al'adu ta ware wa gahawar Saudiyya, UNESCO ta sa ilimin nomansa cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma tun daga nan sunansa ya cika kasuwa. Yana da tsada, kuma ba kowace leda mai ɗauke da sunan ce nake yarda da ita ba. Ku nemi wadda aka rubuta yankin da aka noma ta da ranar suya. Wanda na samu tsaminsa kaɗan ne, yana da zaƙin zabibi, kuma sai da ya kusa hucewa ya nuna kansa. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba, a zuba kaɗan a gindin finjali a shanye da zafinsa. A wajen gwaji, ku koma wa kowane kofi sau da yawa har ya yi sanyi. Mai kyau yana ƙara zaƙi, marar kyau asirinsa a nan yake tonuwa.  

Hel ya fara dawowa dallata, amma da awo. Ina dafa tukunya ɗaya in raba uku: ɗaya babu komai, ɗaya da ɗan kaɗan, ɗaya da yadda Goggo take zubawa, ina neman inda hel yake ɗaga gahawar kafin ya hau kanta. Ga Khaulani, abin da ya yi mini bai kai rabin na Goggo ba, ita kuma ta ce wannan ruwan zafi ne kawai. Ku gwada da ƙwayar da kuke da ita a gida, ku rubuta awon da giram, kada ku ce "ɗan tafin hannu", domin mu iya kwatantawa in mun haɗu. Bayan wannan zan shiga ƙishir, ɓawon gahawa da mutanen Jazan da Yaman suke dafawa da citta. Wani abokin aikina ɗan can ya ce zai taho mini da na gidansu in ya dawo daga hutu.